Inna Maiturare da Gwadon Baba Job

Jama'ar wannan fili, ina gaisuwa. Na Turaki, na Yelwa, da ku sababbin zuwa da sabuwar jiha ta kwaso mana daga Yola, kuna yawo da jaka a hammata kuna tambayar inda ake sayar da burodi mai yanka-yanka, duk sannunku. Yau ba zan taɓa kowa ba. Masu acaba ku huta, 'yan teburin mai shayi ku kurɓi abinku lafiya. Jinjina na zo yi, kuma akwai labari a cikinta. Wanda ya tashi kafin in gama, shi ya jiyo.

In ka shiga lungunmu na Yelwa da sassafe, hancinka zai riga ƙafarka isa gidan da nake nufi. Sunan mai gidan Inna Maiturare. Wanda ya raɗa mata sunan nan bai san sana'ar da za ta yi ba, don ƙamshin da ke fitowa daga tsakar gidanta, in kai baƙo ne, sai ka duba ƙasan takalminka. Mu da muka tashi a lungun kuwa, ranar da ba mu ji shi ba sai mu ce ko lafiya.

Rini take yi, na baba, irin na asali. A wasu garuruwa maza ne ke wannan aiki a rijiyoyi, amma ita da manyan randuna take nata, an binne su a ƙasa har wuya, kowace da murfinta na katako. A wurin goggonta ta koya a garin Mutum Biyu tun tana budurwa, aure ya kawo ta Jalingo, mijin ya rasu, randunan suka ci gaba da riƙe gidan. Tana idar da salla za ta buɗe murfi, ta sa doguwar sanda ta dama, ta tsaya tana kallon kumfa kamar mai duba fuskar jariri. Sai ta tsoma ɗan yatsa ta ɗora a harshe. Na taɓa tambayarta ko shi ne karin kumallonta. Ta ce, "Sada, da bakinka randa ne da tuni na sa masa murfi."

Daga nan sai dakan ganyen baba a cure shi a shanya, sai tace ruwan toka, sai tsoma zane. Abin da har gobe yake ba ni mamaki, zane yana fitowa daga randa kore-kore ne, sai iska ta buge shi ka ga yana juyewa shuɗi a gaban idonka. A shanya, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya kai inda take so. Hannunta daga yatsu zuwa gwiwa ya daɗe da mance kalar da aka haife shi da ita. Matan unguwa nawa ne suka kai mata zanen da ya koɗe suna jin kunyar fita da shi, ta mayar musu da shi kamar sabo? Ku tambayi matan zumunta na coci, ku tambayi matan da ke zuwa walima. Ba ta taɓa tambayar zane ina za a je da shi ba.

To, ga labarin da ya sa na ɗauki biro.

A unguwar Turaki akwai wani tsohon kafinta, Baba Job. Shi ya yi wa Inna murafen randunanta tun ina wasan ƙasa, shi ya sa ba ta kiransa da komai sai Kafinta. Tsufa ya zo ya rufe masa ido, ba ya ganin ko hasken ƙofa. A daminar casa'in da huɗu ciwo ya kwantar da shi. Aka kai shi asibiti, aka yi abin da za a yi, daga baya aka ba su magani aka ce su koma gida su kula da shi. Kun san ma'anar wannan magana. Ya dawo gida ya rufe baki, ba tuwo, ba kunu, ko maganin ma sai an yi kokawa.

Abu ɗaya yake faɗa. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwati, a ciki akwai farin gwado saƙar hannu, wanda marigayiya matarsa Cecilia ta sa aka saƙa masa. A gidansu, in dattijo ya rasu, da gwadon da aka rina da baba ake naɗe shi. Haka aka yi wa ubansa, haka aka yi wa kakansa. Shekara da shekaru yana cewa zai kai rini, yana ɗagawa, don wa ke son kai kayan tafiyarsa da ƙafarsa? Yanzu ya ce a kai wa Maiturare, kuma kada a sa shi a ƙasa da wani abu in ba shi ba.

Ɗansa Tobiya, direba ne a sabuwar sakatariya, shi ya ɗauko gwadon ya zo lungunmu. Ina zaune a bakin ƙofarmu na ga shigarsa, idonsa ja. Rashin sa'a, ya tarar da randunan Inna a wanke. Ruwan da ta yi aiki da shi ya gaji, ta kwashe shi, ba ta kai ga haɗa sabo ba. Ta faɗa masa gaskiya, ta ce ko yau ta haɗa, sai ya wuce mako kafin ya nuna, kuma da wannan sanyin damina yana iya yin nawa. Bayan ya nuna ma ga tsomawa da shanyawa.

Tobiya ya ce Baba ba shi da mako. Ashe ya riga ya yi shirinsa. Ya zaro wata baƙar leda daga aljihu, garin rini na kanti ne da soda, ya biya babbar kasuwa ya sayo. Wannan kafin la'asar an gama, kuma shuɗinsa in ka gani daga nesa sai ka rantse na baba ne. Ya durƙusa a gabanta, babban mutum mai 'ya'ya, ya ce, "Inna, ki taimake ni. Baba ba ya gani. Ki zuba wannan in kai masa ya taɓa, hankalinsa ya kwanta. Ni da ke kawai muka sani."

Kada ku yi saurin zagin Tobiya. Ba rowa ba ce, ba raini ba ne. Mutum ne da ke tsoron ubansa ya tafi da buri ɗaya tak a bakinsa, a zo ana naɗe shi da farin yadi, 'yan'uwa daga ƙauye suna kallon ɗan da ya kasa. Kafin azahar lungu ya rabu biyu. Wasu suka ce a zuba gari a wuce wurin, wasu suka ce ba a yi wa mai barin duniya wayo. Ni kada ku tambaye ni ɓangaren da nake, ina da 'yancin yin shiru sau ɗaya a shekara.

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta karɓi ledar ta rataye a ƙusa a jikin bango. Ta ce gwadon ba nata ba ne, ba na Tobiya ba ne, mai shi yana da rai kuma kunnensa yana ji, don haka shi za a tambaya. Ta yafa mayafi ta bi shi Turaki da ƙafa.

Abin da ya faru a ɗakin, Ƙauna ce ta ba ni, 'yar Tobiya, ita ke jinyar kakanta. Ta ce Inna tana yin sallama tsoho ya juyo da kai. Hausar Baba Job irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Maiturare, kai ne? Tun daga ƙofa na ji ka."

"Ni ce, Kafinta. An ce kana shirin tafiya ba sallama."

Ta zauna a bakin gado ta zayyana masa komai, ba ta rage ba. Ta ce randa babu ruwa, sabo zai ɗauki lokaci, kuma ga garin kanti da za a gama da shi yau. Ba ta ce dabarar Tobiya ba ce, ta ce dai akwai shi, ya zaɓa. Ƙauna ta ce babanta yana tsaye a bakin ƙofa kamar ƙasa ta tsage ya shige.

 Tsoho ya ce idonsa ne ya yi ritaya, hancinsa yana nan a bakin aiki. Ya tambaya yaushe ruwan zai nuna. Ta ce baba ba ya karɓar umarni, ko gwamna ya aiko sai ya ga dama.

"To, zan jira," in ji shi.

"Da wane cikin? Ni ba zan ɓata ganyena a kan mutumin da ba ya shan kunu ba. In za ka jira, ka jira da gaske."

A ranar ya sha kunu rabin kofi, yana sha yana ƙunƙuni.

Inna ta dawo gida ta haɗa ruwa. Daga nan kullum da yamma sai ka gan ta ta nufi Turaki da wani ɗan gwangwanin madara a hannu, ta ɗebo ruwan randa a ciki. Ta kai masa hanci ya shaƙa, ya ce bai yi ba, ta ce ai ta sani, ina kunu? Mutum da ƙafa mai ciwo, Yelwa zuwa Turaki, ga caɓi. Masu acaba sun sha tsayawa su ɗauke ta, ta ce ita ba za ta hau abin da ba ya iya tsayuwa da kansa ba.

Sai sama ta ɓalle. Kwana da kwanaki ana yayyafi, rana ko leƙowa ba ta yi. Sanyi ya shiga randa, ruwa ya kwanta shiru, ba kumfa, ba komai. A daidai lokacin jikin Baba Job ya ƙara rikicewa, har aka kira fasto, mata suka fara taruwa a tsakar gida suna waƙa a hankali. Tobiya ya sake zuwa lungunmu, wannan karon ba durƙuso. Daga waje muna jin muryarsa. Ya ce ta sa tsoho ya zaɓi abin da ba zai gani ba, in ya mutu yau ita za ta tsaya ta yi wa dangi bayani.  Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Balaraba, matar ɗan Inna da ke taya ta aiki, ita ta ga sauran. Ta ce bayan fitarsa Inna ta je ta sauko da ledar nan daga ƙusa. Ta riƙe ta, ta kwance bakin, ta leƙa ciki, ta daɗe a tsaye ruwa yana jiƙa ta. Balaraba har ta fara neman bokiti. Sai ta ga ta ƙulle ledar ta mayar inda take. Inna ta ce a hura wuta. Suka yi ta kwasar toka mai zafi suna zubawa kewaye da wuyan randa, suka lulluɓe murfin da tsofaffin buhuna, toka ta huce su sake wata. Balaraba ta ce ranar Inna ko ruwa ba ta sha ba.

Inna Maiturare, nan ne nake cire hulata. Ke ce kika san cewa in tsohon nan ya cika a ranar, sunanki ne zai zaga Turaki da Yelwa, a ce taurin kanki ya hana bawan Allah gwadonsa. Kin ji tsoro, an gani a fuskarki. Amma kin riga kin ba shi zaɓi ya zaɓa, kika ƙi zagayawa ta bayansa ki canja masa don ba ya gani. Mai hannun shuni, uwar randuna, ba kowa ke iya wannan ba.

Tsoho dai bai tafi ba. Ƙauna ta ce ko a cikin wannan hali in ya farfaɗo abin da yake tambaya shi ne ko mai gwangwani ta zo. Da sama ta washe, wata safiya muka ji guɗar Balaraba. Kumfa ta taso a kan randa, shuɗiya mai ƙyalli kamar wuyan tantabara. Inna ta ɗanɗana ta gyaɗa kai. Aka tsoma gwado.

Tsomin farko bai wuce kalar sararin sama ba, amma ba ta jira ya bushe ba, ta naɗe shi da danshinsa ta nufi Turaki. Ta ɗora masa a ƙirji. Ƙauna ta ce ya kama shi da hannu biyu ya cusa fuska a ciki, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago gemunsa ya jiƙe, kuma ba da ruwan rini kaɗai ba. Ya ce haka ɗakin babansa yake wari. Tobiya ya fita bayan gida, ba wanda ya bi shi.

Sai tsoho ya tambaya ko ya yi baƙi. Ta ce ina, tsomi ɗaya ne, ko yaro ba zai yarda da wannan ba. Ya ce na babansa baƙi ne wuluk kamar bayan tukunya, kada ta kawo masa na wasa. Ta ce to sai ya ƙara jira, kuma mai jiran baƙi wuluk kunu ba zai riƙe shi ba, sai da tuwo.

Nan fa wasan ya canja. Kullum ta zo da gwado, kullum ya tambaya, kullum ta ce saura. Daga tuwo aka koma kifi. Daga kwance ya koma zaune. Wata rana ta iso ta tarar da shi a kan kujera a ƙofar ɗaki yana faɗa da jikoki a kan wa ya taɓa masa zarto. Ku ji ni da kyau, ban ce shuni magani ba ne, kada gobe wani ya je ya kurɓi randar mutane ya ce Sada ne ya aike shi. Maganin asibiti ne da abinci suka yi aikinsu. Amma sai da aka sami abin da zai sa mutumin ya buɗe baki tukuna.

Balaraba ta rantse mini cewa gwadon nan ya yi baƙi tun tuni, har ya fara ɗaukar ido, amma Inna ta ci gaba da cewa saura. Ni kuwa kun san ba na barin irin wannan ta wuce. Na same ta tana dama randa na ce, Inna, ke da kika ƙi yi wa makaho wayo da garin kanti, ya aka yi kika yi ta ja masa rai da saura? Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Shuni ba ya ƙoshi. Ko yau ka kawo gwadon nan zai sha wani. Kuma kowace rana sai da na tsoma shi kafin in ce saura. Je ka tambayi Kafinta in na cuce shi."

Na je kuwa. Baba Job ya yi dariya har da tari. Ya ce shi da ya yi shekaru yana shafa katako, a ce yatsunsa ba su san zanen da ya ƙoshi ba? Ya sani sarai. Ya ce hirar ce ba ya so ta ƙare, kuma tun rasuwar Cecilia ba wanda ke yi masa tsawa yadda ya kamata.

Da kaka ta yi aka kai gwado kogin Mayo Gwoi aka ɗauraye, aka buge shi a kan gungume har ya yi ƙyalli, aka miƙa wa mai shi. Mutumin da aka rina wa kayan tafiya sai ga shi ranar Kirsimeti ya yafa abinsa ya tafi coci, Ƙauna tana riƙe da hannunsa. Ya ce ba zai bar tsutsa ta riga shi jin daɗinsa ba. Rinin baba na asali kuwa yana bin jiki, kowa ya sani. Wuyansa ya yi shuɗi, ya rungumi fasto, farar rigar fasto ta samu rabonta. An ce har yanzu matar faston ba ta gama hucewa ba.

Baba Job ya ƙara shekara biyu da wani abu a duniya. Bana da zafi ya cika, cikin barcin rana, ba wahala. Aka naɗe shi da gwadonsa kamar yadda ya nema. Inna ta je gaisuwa ta zauna cikin mata. Bayan an dawo daga maƙabarta, da yamma, na ga Tobiya ya shigo lungunmu. Shi ya naɗe uban da hannunsa, tafukansa duk sun yi shuɗi. Ya tsaya a gaban Inna ya buɗe mata su kawai. Ta kalli hannun, ta kalli nata, ta ce ya zauna a kawo masa ruwa. Ya ce na sha zai karɓa, na wanki a bar shi tukuna.

Abin da ya sa na kawo muku wannan yanzu, ƙafa ta ƙi. Inna ta ce daga wannan watan ta ajiye sanda, durƙuso a bakin randa ya fi ƙarfinta. Balaraba ce za ta ci gaba, kuma Ƙauna tana zuwa duk Asabar tana koyo, hannunta har ya fara canja kala, samarin Turaki sai haƙuri. Ledar nan kuwa tana nan a ƙusarta, rana ta cinye ta. Na ce a jefar mana, Inna ta ce a bar ta, duk mai koyo sai ya san akwai ta kafin ya san abin da zai yi da ita.

Inna Maiturare, mun gode. Useko, in ji maƙwabtanmu Fulani. Ke ce kika rufa wa zannuwan iyayenmu asiri, ke ce kika zaunar da tsoho ya ci tuwo da ƙarfin gwangwanin madara. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, ba wanda ya ba ki kujerar gaba a taro. Allah ya ba ƙafarki sauƙi, ya sa ki daɗe kina sa wa bakina murfi.

Ku kuma, masu toshe hanci in kun biyo lungunmu, ku sauke hannun ku shigo ku gaishe ta tun tana ji. Mai tsohon zane ya kawo wa Balaraba. Mai yarinya ko yaro da hannunsa ke ƙaiƙayin sana'a ya turo shi, randa ba ta cizo. Kowace irin sana'a kake yi, akwai ranar da wani zai miƙo maka tasa baƙar ledar, da hawaye a idonsa, ya ce ba wanda zai sani.

To ku faɗa mini tsakani da Allah, ban da cika baki. Ana yayyafi, randa ta yi shiru, fasto yana ɗakin tsoho, ɗansa ya gama yi maka ihu ya fita, ga leda a hannunka ka kwance bakinta. Da kai ne, da ke ce, bokiti za a ɗauko ko wuta za a hura?